Masu tsaron alƙalai: Yadda ake shiga aikin, abin da ya ƙunsa da hatsarin da ke tattare da shi

A ranar 30 ga Oktoban 2019 wasu 'yan bindiga suka tare motar Mai Shari'a Chioma Nwosu-Iheme ta Kotun Ɗaukaka Ƙara a birnin Benin na jihar Edo, suka yi awon gaba da ita. Ta shafe kimanin mako biyu a hannunsu kafin ta kuɓuta, ta koma bakin aiki, har ta kai ga zama alƙaliyar Kotun Ƙoli a 2024. Ɗan sandan da ke tare da ita a motar kuwa nan take aka harbe shi, bai sake komawa gida ba.

A watan Disambar 2023 haka ta sake faruwa a jihar Akwa Ibom, inda aka sace Mai Shari'a Joy Unwana ta Babbar Kotun jihar a kan hanyarta ta komawa Uyo bayan ta tashi daga zaman kotu a Oron, aka kuma kashe ɗan sandan da ke tsaronta. A watan Yunin 2024 aka sace Mai Shari'a Haruna Mshelia na Babbar Kotun jihar Borno a kan hanyar da ta taso daga Biu, tare da matarsa da direbansa da mai tsaronsa.

A irin waɗannan labarai sunan alƙali ne ke kan gaba, mai tsaronsa kuma sai a ambace shi a jimla ɗaya a wuce. Amma shi ne mutum na farko da maharan ke nufa, domin shi ne ke riƙe da bindiga. Duk da haka akwai matasa da yawa a cikin rundunar 'yan sanda, da waɗanda ke fatan shigarta, da ke sha'awar wannan aiki saboda martabarsa da kuma kusancin da yake bayarwa ga manyan ƙasa. Ya kamata mai wannan sha'awa ya san abin da zai tarar tun kafin ya sa ƙafa.

Dalilin da ya sa ake tsaron alƙali

Duk shari'ar da aka yanke, akwai wanda ya fita daga kotu ransa a ɓace. A mafi yawan lokaci ɓacin ran yana ƙarewa ne a ɗaukaka ƙara. Sai dai manyan alƙalai suna zama a kan shari'o'in da abin da za a rasa a cikinsu ya wuce misali: kujerar gwamna, sarautar gari, filin da aka gada kaka da kakanni, dukiyar da ake zargin an sace, ko ran wanda ake tuhuma da ta'addanci. Wanda ya ga alamar zai sha kaye a irin wannan yana iya neman alƙalin da kuɗi, in ya ƙi kuma ya neme shi da barazana.

Mutanen Kano ba za su manta da watan Satumbar 2023 ba. Kwanaki kaɗan kafin kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamna ta yanke hukunci, gwamnan jihar ya sallami wani kwamishinansa saboda kalaman barazana da ya yi wa alƙalan. Da ranar hukunci ta zo, 20 ga watan, alƙalan ba su bayyana a zauren kotun ba, sai ta manhajar Zoom suka karanta hukuncinsu, kuma a ranar aka sanya dokar hana fita a jihar. Idan alƙali ya kai ga ba zai iya zama a kan kujerarsa ya dubi masu ƙara ba, to matsalar ta wuce ta lafiyar mutum ɗaya, ta shafi duk wanda zai kai kuka kotu gobe. Alƙalin da ke tunanin yadda zai isa gida lafiya da wuya hankalinsa ya tsaya a kan hujjojin da ke gabansa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa dogarai ke tsaye a inda sarki da alƙali ke shari'a, su ne ke kawo wanda ake ƙara, su tsawata wa mai tayar da hankali. Shi ya sa har yau da yawa ke kiran ɗan sandan da ke bin babban jami'i da sunan dogari, duk da cewa 'yan dokan En'e sun narke cikin rundunar tarayya tun ƙarshen shekarun 1960.

Ta ina ake shiga?

Abu na farko da mai sha'awa zai sani shi ne a Najeriya ba a ɗaukar mutum kai tsaye a matsayin mai tsaron alƙali. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, kuma daga cikinta ake tura waɗanda ke tsaron alƙalai da kotuna. Dole mutum ya fara zama ɗan sanda, ya yi aikin da kowa ke yi, daga baya a tura shi.

Ƙofofin shiga da aka fi sani biyu ne. Ta farko ita ce ta kurtu. A tallace-tallacen ɗaukar aiki na shekarun baya-bayan nan ana neman ɗan Najeriya mai shekara 18 zuwa 25, wanda ke da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ciki har da Turanci da lissafi, mai tsayin da bai gaza mita 1.67 ba idan namiji ne, ko mita 1.64 idan mace ce, mai cikakkiyar lafiya, wanda kotu ba ta taɓa samu da laifi ba. Ana nema ta intanet, a tantance takardu da jiki, a rubuta jarrabawa ta kwamfuta, a yi gwajin asibiti. Wanda ya tsallake sai a tura shi horo na kimanin wata shida a ɗaya daga cikin makarantun horar da 'yan sanda, irin su kwalejojin Ikeja da Kaduna da Maiduguri da Oji River. Neman aikin kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi, ɗan damfara ne, kuma hukumomi na maimaita wannan gargaɗi a duk lokacin ɗaukar aiki.

Ƙofa ta biyu ita ce Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a jihar Kano, wadda ke da matsayin jami'a. Ana shigarta ta jarrabawar JAMB da kuma tantancewar makarantar, a yi shekara biyar, a fito da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda. Waɗanda suka fito ta nan ba su ne ke zama a gaban mota ba. Su ne ke shugabantar ayarin tsaro, su tsara waye zai tsaya a ina, su rubuta rahoto, su amsa tambaya idan wani abu ya ɓaci.

Wani abin lura shi ne ita kanta tambayar waye ke da ikon ɗaukar kurata sai da ta je gaban alƙalai. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin ofishin Sufeto Janar da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Yulin 2023, ta ce ikon na hukumar ne.

Bayan an shiga, hanyar zuwa wannan aiki takan bi ta sashen ba da kariya ta musamman da aka fi sani da SPU, ko sashen da aka keɓe domin alƙalai da kotuna, a wasu lokutan kuma ta rundunar kwantar da tarzoma idan ana buƙatar rakiya mai ƙarfi. Turawa aiki ne na shugabanni, ba zaɓin ɗan sanda ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya tsare fayil ɗinsa daga tabo, ya ƙware a harbi da tuƙi da agajin gaggawa, ya kuma nemi kowane kwas da aka buɗe. Mata suna da gurbi mai faɗi a nan. Alƙaliyar Alƙalan Najeriya, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, da ta hau kujerar a 2024, mace ce, kuma mata da dama suna shugabantar kotuna a tarayya da jihohi. Akwai wuraren da namiji ba zai iya bin alƙaliya ba, musamman a cikin gida.

Abin da aikin ya ƙunsa

Masu kallon fina-finai suna zaton aikin harbe-harbe ne. A zahiri mafi yawansa jira ne da lura. Mai tsaro yakan riga alƙali tashi, ya duba mota, ya tabbatar da mai da taya, ya tambayi masu gadin dare abin da suka gani. Ya san hanyoyi biyu ko uku zuwa kotu, ya san inda ake samun cunkoso, inda hanya ta lalace dole a rage gudu, da asibiti da ofishin 'yan sanda mafi kusa a kowane zango. A kotu yana tsaye ko zaune kusa da alƙali, idonsa a kan jama'a, yana kula da hannaye da jakunkuna da fuskar da ta cika zuwa alhali ba ta da shari'a.

Dubi hare-haren nan uku da aka ambata a sama. Dukkansu a kan hanya suka faru, ba a kotu ko a gida ba. Kotu tana da ƙofa da masu bincike, gida yana da katanga, amma mota a kan titi ba ta da ko ɗaya, kuma alƙali mutum ne da ake iya sanin lokacin fitarsa, tun da jadawalin zaman kotu a bayyane yake. Ga shi kuma manyan alƙalai suna yawan tafiya: zaman kotu a wata shiyya, aikin kotun zaɓe a jihar da ba tasu ba, ziyarar gida a ƙarshen mako. Ɗan sanda ɗaya da bindiga ɗaya a kujerar gaba ba zai iya tare mutum shida da suka yi kwanton ɓauna ba, komai jarumtarsa. Abin da ke ceton rai shi ne shirin da aka yi kafin a tashi: sauya lokaci da hanya, ɓoye labarin tafiya, neman ƙarin rakiya a hanyar da aka san da hatsari, ko kuma faɗa wa alƙali kai tsaye cewa yau ba ranar tafiya ba ce. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya. Kofur ko saje ya dubi mai shari'ar da ya haife shi ya ce ranka ya daɗe a fasa, sai wanda ya san aikinsa kuma ya samu amincewar maigidansa.

Akwai kuma ɓangaren da babu makarantar da ke koyar da shi sosai, wato riƙon amana. Mai tsaro yana jin wayar da alƙali ke yi a mota, yana ganin masu shiga da fita, wani lokaci yana riƙe da jakar da daftarin hukunci ke ciki. Mai neman karkatar da shari'a ya san da haka, kuma sau da yawa ba alƙalin yake fara nema ba, na kusa da shi yake bi: direba, akawu, mai tsaro. Ba lalle ne ya nemi babban abu ba. Lambar waya ce, ko a miƙa wata ambulan, ko a faɗa masa yaushe maigida zai tafi ƙauye. Wanda ya sayar da irin wannan labari yana iya zama shi ne ya buɗe ƙofar da za a kashe shi kansa. Ga ɗan sandan da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wannan jarrabawa ce ta kullum, kuma duk wanda ke tsara tsaron alƙalai bai duba aljihun masu tsaron ba, ya bar baya da ƙura.

Wata matsalar ita ce mayar da mai tsaro ɗan aike. Hedikwatar 'yan sanda ta sha gargaɗin jami'anta da ke tare da manyan mutane cewa su daina riƙe jaka da lema da zuwa cefane. Dalilin ba girman kai ba ne kawai: hannun da ke riƙe da jaka ba zai kai ga bindiga a kan lokaci ba, idon da ke kan cinikin kasuwa kuma ba ya kan hanya. Game da bindigar ma, ɗan sanda ba ya fita daga ƙarƙashin doka don yana tsaron mai shari'a. Umarnin runduna mai lamba 237, da aka sabunta a 2019, shi ne ya fayyace lokacin da ya halatta a yi amfani da ƙarfi, kuma wanda ya harbi mai babur don ya tare wa ayari hanya zai tsaya a gaban wani alƙalin.

Idan barazanar ta zo cikin kaki

Akwai wata sarƙaƙiya da ta keɓanta da tsaron alƙalai. Ɗan sandan da ke tsaron mai shari'a ma'aikacin ɓangaren zartarwa ne, daga can albashinsa da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa ke fitowa, alhali wanda yake tsaro yana iya yanke hukuncin da bai yi wa gwamnati ko ita kanta rundunar daɗi ba. A watan Oktoban 2016 jami'an tsaron farin kaya sun shiga gidajen wasu manyan alƙalai cikin dare bisa zargin cin hanci, lamarin da ya raba kan masana shari'a. A ranar 29 ga Oktoban 2021 kuma wasu mutane ɗauke da takardar izinin bincike suka dira gidan Mai Shari'a Mary Odili ta Kotun Ƙoli a Abuja. Majistaren da ya sa hannu a takardar ya janye ta, ya ce yaudararsa aka yi, daga bisani 'yan sanda suka gabatar da mutum 14 da suka kama kan lamarin.

A irin wannan dare, mai tsaron da ke bakin ƙofa yana da 'yan mintuna ne ya yanke shawara. Idan ya hana aikin doka na gaskiya ya yi laifi, idan ya buɗe wa 'yan bogi ya ci amana. Abin da zai fitar da shi shi ne sanin doka: ya iya karanta takardar izini, ya duba suna da adireshi da sa hannu, ya san wanda zai kira a hedikwata domin tabbatarwa. Ga mai wannan rubutu, wannan kaɗai ya isa hujjar a daina kallon aikin a matsayin na ƙarfi zalla.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara nasu

Amurka ta bi wata hanya dabam. Kotun Ƙolinta tana da 'yan sandanta na kanta tun 1935, shekarar da ta tare a gininta na birnin Washington, kuma suna ƙarƙashin wani jami'in kotun ne da ake kira Mashal, ba ƙarƙashin shugaban ƙasa ba. Mutum yana neman aikin ne kai tsaye a wurin kotun, a horar da shi a cibiyar horar da jami'an tsaron tarayya, ya yi rayuwar aikinsa a nan, daga tsaron ƙofa har zuwa rukunin da ke bin alƙalan. Sauran alƙalan tarayya kuma hukumar mashal-mashal ce ke kula da su, wadda aka kafa tun 1789.

Can ma sai da aka ji jiki kafin a faɗaɗa tsarin. A watan Yulin 2020 wani lauya ya je gidan alƙaliya Esther Salas cikin shigar mai kawo saƙo, ya harbe ɗanta har lahira, ya raunata mijinta. Adireshin gidan a intanet ya same shi, abin da ya sa a 2022 aka yi dokar da ta taƙaita wallafa bayanan gidajen alƙalai. A watan Yunin 2022 aka kama wani matashi da bindiga kusa da gidan Mai Shari'a Brett Kavanaugh na Kotun Ƙoli. Ya iso cikin dare, ya ga jami'ai biyu tsaye a ƙofar gidan, sai ya wuce, daga baya ya kira lambar gaggawa da kansa. Jami'an nan biyu ba su harba ko harsashi ɗaya ba, tsayuwarsu ce ta yi aikin. A cikin watan majalisar dokokin ƙasar ta amince a shigar da iyalan alƙalan Kotun Ƙoli cikin waɗanda ake tsaro.

Italiya kuwa ita ce ta fi kowa sanin tsadar wannan aiki. A ranar 23 ga Mayun 1992 ƙungiyar Mafiya ta tayar da ɗaruruwan kilo na nakiya da ta binne a ƙarƙashin babbar hanya kusa da Capaci a tsibirin Sisili, ta kashe mai shari'a Giovanni Falcone da matarsa da 'yan sanda uku da ke motar gaba. Bayan kwana 57 aka kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino da bom a cikin mota, a ƙofar gidan mahaifiyarsa a Palermo, tare da masu tsaronsa biyar, ciki har da Emanuela Loi mai shekara 24. An san yana yawan zuwa gidan, kuma ba a hana ajiye motoci a layin ba. Abin da Italiya ta yi da ya cancanci a duba shi ne ta riƙe sunayen 'yan sandan nan takwas: ana karanta su a bikin tunawa na kowace shekara, an kuma sa wa tituna da makarantu sunayensu.

Lada da makoma

A Najeriya mai tsaron alƙali yana kan albashin muƙaminsa ne kamar kowane ɗan sanda, ƙarin girmansa kuma yana bin tsarin runduna. Yana yin ritaya idan ya cika shekara 35 a aiki ko shekara 60 da haihuwa, alhali alƙalan manyan kotuna suna kai wa shekara 70 tun bayan gyaran kundin tsarin mulki na 2023. A 2024 an yi dokar da ta ninka albashin alƙalai, su kuwa tsofaffin 'yan sanda sun daɗe suna kuka da tsarin fanshon da suke ciki, har sun yi zanga-zanga a Abuja a 2025. Akwai amfanin da ba a musu: aikin ya fi tsayuwa a shingen hanya tsari, mutum yana koyon shari'a ta hanyar sauraro, kuma wanda ya ƙware yana samun kasuwa a kamfanonin tsaro bayan ya ajiye kaki. Akwai kuma asara. Hutun mai tsaro yana bin na alƙali ne, sallah da kirsimeti sau da yawa a garin maigida yake yin su, kuma wanda ya daɗe a bayan mutum ɗaya yana iya komawa ofis ya tarar tsararrakinsa sun wuce shi a sanin bincike da gudanarwa.

Makomar aikin ma tana cikin muhawara. Sufetoci Janar da dama sun ba da umarnin janye 'yan sanda daga manyan mutane, saboda ƙorafin cewa dubban jami'ai na gadin 'yan tsiraru alhali ƙauyuka ba su da kowa. A watan Nuwambar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sake ba da irin wannan umarni, ya ce masu buƙatar rakiya su nemi jami'an sibil difens. Ƙorafin gaskiya ne, amma bai dace a haɗa alƙali da attajiri ko mawaƙi a kwando ɗaya ba. Attajiri yana iya ɗaukar masu gadi da kuɗinsa. Alƙalin da ya karɓi tsaro daga hannun wani mai kuɗi ko ɗan siyasa kuwa ya ci bashin da wata rana za a zo karɓa a zauren kotu, shi ya sa dole tsaronsa ya fito daga hukuma, da sharuɗɗan da babu wanda zai iya janye shi don hukunci bai yi masa daɗi ba.

Ko za a ci gaba da barin aikin a hannun rundunar 'yan sanda tare da horo na musamman, ko za a kafa wa ɓangaren shari'a rukunin tsaronsa irin na Amurka, wannan magana ce da ke buƙatar doka da kasafin kuɗi. Kafin nan, matashin da ke son aikin zai fara ne daga inda kowane kurtu ke farawa: ya haɗa takardunsa da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, ya jira sanarwar ɗaukar aiki daga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda.